Ƙarshen da aka ɓoye a faifai: wa ke yanke yadda fim zai ƙare?

Duk wanda ya tashi a zamanin kaset da gidajen kallo ya san Rambo. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a yadda aka fara ɗaukar First Blood, fim ɗin 1982 da ya fito da shi, Rambo mutuwa yake yi. A littafin David Morrell na 1972, inda aka ciro labarin, wani hafsan soja mai suna Trautman ne ke kashe shi. Darakta Ted Kotcheff ya ɗauki fitowar ƙarshe mai kama da haka: an yi wa Rambo ƙawanya a ofishin 'yan sanda, ya roƙi tsohon kwamandansa, Kanal Trautman, ya harbe shi, da kanal ɗin ya kasa sai ya jawo bindigar da ke hannunsa zuwa jikinsa, harsashi ya tashi. Da aka nuna wa 'yan kallon gwaji ransu ya ɓaci, sai aka tsaya a kan ƙarshen da duniya ta sani, inda ya fashe da kuka ya miƙa wuya. Ba don wannan canjin ba, da babu Rambo na 1985 da na 1988, balle na 2008 da na 2019. Ita kuwa fitowar mutuwar ta yi fiye da shekara ashirin a ajiye, sai a 2004 aka sa ta cikin wani faifan DVD.

Irin wannan ne ake rubutawa a bangon faifai da manyan baƙaƙe, cewa a ciki akwai wani ƙarshen da ba a nuna a silima ba. Mutane da yawa suna ɗaukarsa gyara, irin ɗan ƙarin da ake yi wa mai saye. Ni a wurina ya wuce haka, musamman a finafinan zullumi da faɗuwar gaba, masu labarin kisa da farauta da cin amana. A irin waɗannan finafinai minti biyar na ƙarshe tamkar zaman kotu ne ranar da alƙali zai yanke hukunci: a nan ake sanin wa ke da laifi, wa aka zalunta, wa ya tsira, kuma ko tsirar tasa ta dace. Canza ƙarshen ya kan canza ma'anar duk abin da aka kalla kafinsa. Shi ya sa ake faɗa a kansa, kuma faifan da aka sayar wa masu kallo a gida shi ne kusan wuri ɗaya tak da alamun wannan faɗan suke fitowa fili.

Sai an fara sanin mai fim kafin a gane maganar. A Amurka fim ba na darakta ba ne, na kamfanin da ya zuba kuɗi ne. Yarjejeniyar ƙungiyar daraktocin ƙasar ta ba darakta mako goma bayan kammala ɗauka ya haɗa fim ɗinsa yadda yake so, ba mai sa masa baki. Bayan nan sai ya miƙa, kamfani kuma yana da ikon ya rage, ya ƙara, ko ya kira 'yan wasa a sake ɗaukar wani sashe. Daraktocin da suka kai matsayin a rubuta musu a kwangila cewa maganarsu ce ta ƙarshe ba su da yawa.

Kamfanin kuma ba ya dogara da ra'ayin shugabanninsa kawai. Kafin a saki fim sai a tara mutum ɗari biyu ko uku, a nuna musu shi tun bai gama haɗuwa ba, wani lokaci da kiɗan aro da launin da ba a gyara ba. Ana kunna fitilu sai a raba musu kati. Kowa zai zaɓi maki ɗaya cikin biyar, daga mai kyau ƙwarai zuwa marar kyau, ya kuma faɗi ko zai ce wa abokinsa ya je ya kalla. Abin da kamfani ke dubawa shi ne mutum nawa cikin ɗari suka zaɓi maki biyun sama. Daga nan sai a tsayar da kamar mutum ashirin a yi hira da su: wace fitowa ce ta gundure ku, wa kuka tsana, ya kuka ji da ƙarshen? Kamfanin National Research Group, wanda Joseph Farrell ya kafa da abokiyar aikinsa a 1978, shi ya daɗe yana riƙe da wannan harka a Hollywood.

Ga inda gizo ke saƙa. Mutumin da aka miƙa wa kati minti biyu bayan jarumin da ya bi na awa biyu ya mutu, bai samu lokacin narkar da abin da ya gani ba. Abin da zai rubuta zafin da ke ransa ne a wannan lokacin. Fim ɗin da aka shirya domin ya dame ka, ya hana ka barci, idan ya yi aikinsa sosai sai ya faɗi a wannan jarrabawar. Ban ce gwajin ba shi da amfani ba. Yana nuna inda labari ya rikice da inda fim ya yi ja. Amma kati ba ya iya bambanta ƙarshen da aka ƙi don ba shi da kyau da wanda aka ƙi don ya faɗi gaskiya mai ɗaci.

Babu misalin da ya kai Fatal Attraction na 1987 fito da wannan. Adrian Lyne ne ya ba da umarni, James Dearden ya rubuta. Michael Douglas ya fito a matsayin Dan Gallagher, lauya mai mata da 'ya a New York, wanda ya ci amanar matarsa da wata mai suna Alex Forrest a wani ƙarshen mako da iyalinsa suka yi tafiya. Shi a ganinsa an gama, ita kuwa ta ƙi a gama. Ta ce tana da ciki, ta riƙa kiran waya, ta bi shi har gida, har ta kai ga dafa zomon 'yarsa a tukunya. Glenn Close, wadda ta fito a matsayin Alex, ta tuntuɓi likitocin ƙwaƙwalwa kafin ta fara aikin, ta kuma gina matar a matsayin mai ciwo a rai wadda ta fi zama haɗari ga kanta fiye da kowa. Tun a farkon fim ɗin an nuna ta yanke hannayenta lokacin da Dan zai tafi, an kuma dasa maganar wasan waƙe na Madama Butterfly, labarin matar da namiji ya yasar ta kashe kanta.

Ƙarshen farko ya bi wannan hanyar da aka shimfiɗa. Bayan Dan ya je gidanta sun yi kokawa, ya ajiye wuƙar da ya ƙwace daga hannunta ya fita, zanen yatsunsa na jikinta. Da wannan wuƙar Alex ta kashe kanta. 'Yan sanda suka zo har gida suka tafi da shi a gaban matarsa Beth bisa zargin kisa. Daga baya ne Beth ta ci karo da wani kaset da Alex ta aiko masa, inda take barazanar kashe kanta, ta ɗauka ta nufi wurin 'yan sanda. A wannan ƙarshen mijin ya ɗanɗana sakamakon abin da ya shuka, kuma wadda ya ci wa amana ce ta cece shi.

'Yan kallon gwaji ba su so haka ba. Sun tsani Alex, suna so su ga an kashe ta. Kamfanin Paramount ya sa aka sake ɗauka watanni bayan an tashi daga aiki. Glenn Close ta yi ta turjiya kafin ta amince, kuma har yau ba ta ɓoye cewa tana ganin an ci amanar matar da ta gina ba. A sabon ƙarshen Alex ta shigo banɗakin gidansu da wuƙa, Dan ya danna ta cikin bahon wanka har ta daina motsi, ta sake yunƙurowa, Beth ta harbe ta. Kyamara ta tsaya a kan hoton iyalin. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 300 a duniya, ya shiga takarar Oscar a rukuni shida. Ta fuskar kasuwa kamfani bai yi kuskure ba.

Amma a duba abin da ya faru da labarin. Mace mai ciki, mai taɓin hankali, ta koma dodo. Mijin da ya jawo masifar ya koma mai kare gidansa, laifinsa ya wanke da jininta. Duk alamun da aka dasa a awa ɗaya ta farko sun zama marasa amfani, domin babu inda suka kai. Ina cikin masu ganin ƙarshen farko ya fi, kuma ba don ya fi baƙin ciki ba, sai don shi ne wanda jikin fim ɗin ya nufa tun daga farko. Da ba a sa shi a kaset da LaserDisc (babban faifan da ya riga DVD fitowa) na musamman a 1992 ba, daga baya kuma a DVD, da sai dai a riƙa jin labarinsa a baki, ban da waɗanda suka gan shi a silimun Japan, inda aka taɓa nuna shi.

Ba 'yan kallo kaɗai ke sa a canza ƙarshe ba. Kafin su akwai masu tace finafinai. Daga 1934 zuwa 1968 Hollywood tana aiki ne a ƙarƙashin wata ƙa'ida da ake kira Hays Code, wadda ɗaya daga cikin ginshiƙanta shi ne mai laifi ba zai sha ba. A Vertigo na Alfred Hitchcock, 1958, mutumin da ya kitsa kashe matarsa, Gavin Elster, ya bar ƙasar ba a kama shi ba. Don a rufe bakin masu tacewa sai aka ɗauki wata gajeriyar fitowa, inda ake jin rediyo na cewa ana farautarsa a Turai. Hitchcock ya samu ya fitar da fim ɗin ba tare da ita ba. An gano ta a Los Angeles a 1993, yanzu tana cikin ƙarin da ke faifan fim ɗin. Wanda ya kalle ta zai ga ba ta ƙara wa labarin komai ba, an yi ta ne kawai don a cika sharaɗi.

Masu son finafinan Indiya suna da nasu misalin, kuma babba ne. A Sholay na Ramesh Sippy, 1975, yadda aka fara ɗauka Thakur ne ke kashe Gabbar Singh da takalmansa masu ƙusoshi, tunda Gabbar ya sare masa hannaye biyu ya kuma kashe iyalinsa. Lokacin Indiya na cikin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi. Hukumar tace finafinai ta ƙi yarda a nuna tsohon ɗan sanda yana ɗaukar doka a hannunsa, sai aka sake ɗauka: 'yan sanda suka iso a daidai lokacin, suka tafi da Gabbar. Wannan ne aka nuna a silima, mai tsawon minti 198. Na asalin, mai minti 204, ya ɓullo daga baya a kaset da faifai, kuma a 2025 aka nuna shi a gyare a wani bikin finafinai a Bologna ta Italiya. Don haka idan mutum biyu suna gardama, ɗaya na cewa Gabbar ya mutu ɗaya na cewa kama shi aka yi, yana iya yiwuwa kowannensu gaskiyar abin da ya gani yake faɗa.

To me ya sa kamfanin da ya ɓoye abu zai dawo ya sayar da shi? Amsar tana cikin faifan kansa. Kaset ɗin bidiyo zare ne guda, daga farko zuwa ƙarshe, duk abin da za a ƙara sai dai a liƙa shi a wutsiya. LaserDisc ne ya fara ɗaukar ƙarin bayani da muryar masu sharhi tun 1984, ta hannun kamfanin Criterion, amma yana da tsada, 'yan tsiraru ne suka mallake shi. DVD, wanda ya fito a Japan a 1996 ya shiga Amurka a 1997, shi ya canza lissafi. Faifai mai hawa biyu yana ɗaukar gigabait 8.5, ga shafin zaɓi da ake bi da rimot. Akwai kuma wata dabara da ke ba faifai damar ajiye sassan da fim biyu suka yi tarayya a kai sau ɗaya kawai, idan an zo inda suka rabu sai na'urar ta tsallaka zuwa wanda mai kallo ya zaɓa ba tare da hoto ya tsaya ba. Da wannan ake iya cusa fim iri biyu ko uku a faifai ɗaya. A faifan Terminator 2 na shekarar 2000 har ɓoye na uku aka yi: sai mutum ya danna 82997 a rimot, wato 29 ga Agusta 1997, ranar da labarin ya ce duniya za ta ƙone, sannan fim ɗin zai buɗe da ƙarshen da ake ganin Sarah Connor, jarumar fim ɗin, ta tsufa tana kallon jikanyarta na wasa.

Sai kuma kuɗi. A 2005 cinikin DVD a Amurka ya kai wajen dala biliyan 16, alhali kuɗin tikitin silima a shekarar bai kai biliyan 9 ba. Wanda ya riga ya biya ya kalli fim a silima yana buƙatar dalilin da zai sa ya sake biya, kuma babu dalilin da ya fi a ce masa akwai ƙarshen da bai gani ba. Kamfani ya riga ya kashe kuɗin ɗaukarsa, ajiye yake yana shan ƙura. Abin da jiya aka ce zai kori 'yan kallo, yau shi ne abin talla.

Wannan ne ya sa bai kamata a gaskata duk abin da aka rubuta a bango ba. Wasu abubuwan da ake kira wani ƙarshen ba komai ba ne illa fitowa guda da aka ƙara wa daƙiƙa talatin. Wasu kuma ba a ma ɗauke su ba. A faifan Se7en na David Fincher, fim ɗin 1995, akwai ƙarshen da tsohon ɗan sanda Somerset, wato Morgan Freeman, ke riga abokin aikinsa Mills harbin makashin, domin ya tsare yaron daga faɗawa tarkon da aka ɗana masa. Zane-zane ne kawai na tsarin ɗauka, ba a taɓa kunna kyamara a kansa ba. Labarin Se7en ma akasin na Fatal Attraction ne. Kamfanin New Line bai so ƙarshen akwatin nan ba, wanda kan matar Mills ke ciki, har an sa marubucin, Andrew Kevin Walker, ya sake rubutu. Bisa kuskure aka aika wa Fincher tsohon rubutun, ya ce shi wannan zai yi, Brad Pitt kuma ya kafe cewa ba da shi ba idan aka canza. Abin da kamfani ya samu kawai shi ne 'yar maganar da Somerset ke yi a ƙarshe, alhali Fincher ya so allo ya yi baƙi da zarar an yi harbin. A nan ƙarshen da ya fi tsanani shi ne wanda aka nuna a silima.

Akwai kuma waɗanda babu faifan da zai dawo da su. Billy Wilder ya ɗauki fitowar zartar da hukuncin kisa a ɗakin gas don Double Indemnity na 1944, ya cire ta, hotuna kawai suka rage. Stanley Kubrick ya sa an yanke fitowar asibiti daga ƙarshen The Shining a 1980 bayan fim ɗin ya riga ya fara zagawa silima, kuma ba a sake sakinta ba.

Akwai wata ɗabi'a a tsakanin masu bin finafinai da ba na goyon baya: da zarar an ce ga ƙarshen da aka cire, sai a yanke cewa shi ne na gaskiya, na silima kuwa na 'yan kasuwa ne. Get Out na Jordan Peele, 2017, ya isa ya rushe wannan tunanin. Chris, baƙar fata, ya tsira daga gidan iyayen budurwarsa farar fata bayan ya kashe waɗanda suka so sace jikinsa. Yana durƙushe a kanta a kan titi, jini ko'ina, sai ga fitilar mota mai jiniya. A ƙarshen da ke faifai 'yan sanda ne, suka kama shi, aka ga abokinsa Rod ya ziyarce shi a kurkuku. A na silima kuwa Rod ɗin ne ya fito daga motar aikinsa ta tsaron filin jirgin sama. Peele da kansa ya bayyana cewa ya tsara na farkon ne a zamanin Obama, lokacin da ake ta cewa wariyar launin fata ta wuce, amma kafin fim ɗin ya fito maganar kashe baƙaƙen fata a hannun 'yan sanda ta cika ƙasar, mutane ba sa buƙatar a tuna musu.

Abin da ya sa nake ganin na silima ya fi shi ne, bai zubar da saƙon ba. A 'yan daƙiƙun da fitilar ke haskawa kafin a buɗe ƙofa, Chris ya ɗaga hannuwa sama, budurwar ta fara neman taimako, duk mai kallo ya riga ya ga kurkukun a zuciyarsa ba tare da an nuna masa ba. Fim ɗin ya sa ka yanke mummunan hukuncin da kanka, sannan ya ba ka sauƙi. Na faifan yana faɗin abin da ka riga ka sani ne. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan a kowane fim: a koma baya a duba abin da aka dasa a tsakiya, a ga wane ƙarshe ne ya girbe shi.

Wani lokaci kuma ƙasa ce ke raba ƙarshe. The Descent na Neil Marshall, 2005, labarin mata shida ne da suka maƙale a kogo da wasu halittu. A Ingila an ga Sarah ta fito ta shiga mota ta gudu, sai ta farka ta tarar har yanzu tana cikin kogon, fitar mafarki ce. Da aka kai shi Amurka a 2006 sai aka datse wannan mintin na ƙarshe, fim ya ƙare tana cikin mota. Ba a ɗauki komai sabo ba, almakashi kawai aka sa, amma a ɗaya ta tsira, a ɗaya ta halaka. Shi kuwa 1408 na 2007, wanda aka ciro daga gajeren labarin Stephen King, a silima marubucin da John Cusack ya fito a matsayinsa ya tsira daga ɗakin otal ɗin, a haɗin darakta kuma ya mutu a gobarar da ya tayar, kuma dukansu sun bazu a faifai da tashoshi ba tare da an cika gaya wa mai kallo wanne ke gabansa ba.

A wajenmu wannan ruɗanin ya fi yawa, saboda hanyar da finafinan waje suka bi suka iso mu. Daga kaset muka koma faifan VCD, wanda ba ya ɗaukar fiye da kamar minti 80, shi ya sa fim ɗaya ke zuwa a faifai biyu, ba shi kuma da wurin ƙari. Da DVD ya zo, wanda ya fi yawo a kasuwa shi ne mai fim takwas ko goma a cushe a faifai guda, an cire shafin zaɓi da duk wani ƙari don a samu wuri. Yanzu kuma tura fim ake yi a waya. A duk waɗannan hanyoyin mai kallo yana karɓar ƙarshe ɗaya ne, wanda ya dogara da kwafin da mai turawa ya samu, na Ingila ne ko na Amurka, na silima ne ko na darakta. Mafi sauƙin hanyar ganewa ita ce duba tsawon mintunan fim ɗin a gwada da wanda aka sani na silima.

Kallo ta intanet bai gyara wannan ba, ta wani ɓangaren ma ya ƙara dagula shi. Cinikin faifai ya faɗi warwas, har Netflix, da ya fara da aika DVD ta gidan waya, ya rufe wannan sashen a Satumbar 2023. Yawancin manhajojin kallo fim ɗin kawai suke sawa, ba sharhin darakta, ba fitowar da aka cire. Abin da ya fi damuna shi ne, faifan da ke hannunka ba mai iya canza shi, amma fim ɗin da ke kan manhaja ana iya musanya shi cikin dare. A Janairun 2022 masu kallon Fight Club a manhajar Tencent Video ta ƙasar Sin suka tarar an cire fitowar rushewar gine-ginen da fim ɗin ke ƙarewa da ita, an sa rubutu a baƙin allo cewa 'yan sanda sun gano makircin sun kama kowa. Sai da aka yi ta surutu a duniya kafin aka mayar da ita bayan 'yan makonni. Waɗanda suka gane an taɓa fim ɗin, sun gane ne don sun taɓa ganin na asali a wani wuri.

Ƙarshen da aka jefa cikin faifai yana iya dawowa ya ture na silima ma. A I Am Legend na 2007 Will Smith ya fito a matsayin Robert Neville, likitan soja da ya rage shi kaɗai a New York yana kama mutanen da cuta ta mayar dodanni yana gwajin magani a kansu. A tsakiyar fim ɗin an nuna shugabansu ya leƙo cikin hasken rana, wanda ke ƙona su, bayan Neville ya kama wata mace daga cikinsu, an kuma nuna sun ɗana masa tarko irin wanda yake ɗana musu. Neville ya ce ba su da sauran hankali, amma hoton yana ƙaryata shi. A silima ya cire wa gurneti kunne ya mutu tare da su, aka ce ya zama gwarzo, waɗancan alamun suka tafi a banza. A faifan da ya fito a 2008 kuwa ya gane cewa shugaban ya zo ne ya karɓi matarsa, ya mayar masa da ita, ya dubi bangon da ya liƙa hotunan duk waɗanda suka mutu a gwajinsa, ya fahimci cewa a idonsu shi ne dodon da ke sace mutane suna barci. Wannan ne ya fi kusa da littafin Richard Matheson na 1954, inda aka ciro labarin, kuma darakta Francis Lawrence ya ce sau biyu ana gwada shi 'yan kallo na ƙi. A 2022 aka sanar da shirin kashi na biyu tare da Will Smith da Michael B. Jordan, a 2023 kuma marubucin, Akiva Goldsman, ya ce labarin zai ɗora ne daga ƙarshen faifai, wanda Neville ke raye a cikinsa.